Babi na Biyar: Ɓarawon da Ba Ya Fasa Shago

Me ɓarawon intanet zai samu a wurin mai sayar da gero a kasuwar Tasawa, ko dillalin awaki a Mayahi, mutumin da ba shi da kwamfuta, ba shi da ofis, wataƙila ma bai taɓa taka ƙofar banki ba? Tambaya ce da 'yan kasuwa da yawa a gabashin jihar Maradi suke yi idan sun ji ana maganar tsaron intanet a rediyo, kuma ba za a ga laifinsu ba, domin mafi yawan abin da ake faɗa a kan batun an tsara shi ne don bankuna da manyan kamfanonin Yamai, Abijan da Legas. Sai dai amsar tana cikin aljihun mai tambayar, saboda wayarsa ta riga ta ɗauke aikin littafin bashi, ta tara lambobin abokan ciniki, ta zama hanyar da kuɗi ke shiga da fita, kuma ta cikinta ne mutane suke jin muryar da suka san shi da ita.

Abin da ake nufi da tsaron intanet shi ne duk matakin da ake ɗauka don kare waya ko kwamfuta, da kuɗi da bayanan da ke cikinsu, daga wanda ba shi da izinin gani, ko canzawa, ko hana mai abu amfani da abinsa. Kare bayanan mutane kuwa ya shafi abin da ɗan kasuwa ya sani game da wasu, kamar sunayensu, lambobinsu, hotunan takardunsu da yawan bashin da ake bin su. Na farko dukiyar mai shago yake karewa, na biyu kuma amanar da aka bar masa.

Yadda ciniki ya koma cikin waya

Wayar salula ta fara yaɗuwa a Nijar daga shekarar 2001, kuma 'yan hatsi suna cikin waɗanda suka fara gane amfaninta, tun da kafin zuwanta sai falke ya yi tattaki, ko ya tura yaro, kafin ya san nawa tiyar gero take a Gazawa ko a Damagaram. Wata masaniyar tattalin arziki daga Amurka, Jenny Aker, ta bi farashin hatsi a kasuwannin ƙasar daga 2001 zuwa 2006, ta gano cewa inda waya ta isa, tazarar farashi tsakanin kasuwa da kasuwa ta ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. A wancan lokaci labari kawai waya ke ɗauka, don haka wanda ya saci salular ɗan kasuwa bai saci abin da ya wuce kuɗin salular ba.

Daga baya ne kuɗi suka bi labari. Kamfanonin Airtel, Moov Africa da Zamani Telecom, wanda ya gaji Orange a 2019, kowanne yana da asusun kuɗi da ke manne da lambar waya, sannan gidajen aika kuɗi irin su Nita, Al Izza da Amana sun buɗe rassa a garuruwan da banki bai kai ba, wasunsu ma sun fitar da manhajar waya, wato shirin da ake saka wa salula don yin aiki ba tare da zuwa ofis ba. Ta waɗannan hanyoyi ne ɗan ci-rani da ke Agadas, Libiya ko Kano yake aiko wa gida, ta nan ne kuma mai tara wake da riɗi a ƙauyukan Gulbin Kaba yake karɓar jarin da maigidansa ya turo daga Maradi. WhatsApp ya zo ya cike sauran giɓin, domin saƙon murya bai buƙatar karatu: ana tura hoton jar akuya, a yi tayi, a sallama, a aika kuɗi, mai saye da mai sayarwa ba su ga juna ba.

Kasuwancin wannan yanki tun fil'azal a kan sanayya da amana yake tafiya. Ana ba mutum kaya bashi saboda an san mahaifinsa, ana karɓar saƙonsa saboda an san muryarsa. Waya ta ɗauki wannan amana yadda take, ta miƙa ta zuwa nesa, amma ta bar ido a baya, wanda shi ne yake tantance cewa mai maganar shi ne wanda ya ce shi ne. Kusan duk haɗarin da wannan babi zai bayyana daga wannan rashin ganin ido yake fitowa.

Wanda ya riƙe layi ya riƙe komai

Lambar waya ita ce makullin rumbu a kasuwancin yau, domin asusun kuɗi da ita aka buɗe shi, WhatsApp da Facebook da ita suke gane mai su, kuma duk lokacin da wata manhaja take son tabbatar da mutum, gajeriyar lamba take aikawa ta saƙo zuwa wannan layi. Saboda haka ɓarawon da ya mallaki layin ba ya buƙatar sanin komai game da kwamfuta.

Hanya mafi sauƙi ita ce satar wayar a cunkoson ranar kasuwa, a zare sim a saka a wata salula. Idan babu lambar kulle a kan sim ɗin kansa, kullen fuskar waya ba ya hana komai, kuma idan lambar sirrin asusun ita ce 1234, ko shekarar haihuwa, ko lambobi huɗu na ƙarshen layin, to sauran aikin ba ya ɗaukar lokaci. Hanya ta biyu ita ce sauya layi, inda wani zai je wurin wakilin kamfani ya ce wayarsa ta ɓata, ya gabatar da takardar bogi ko hoton katin shaidar mai layin, a ciro masa sabon sim mai ɗauke da lambar. Alamar farko da mai layi zai gani ita ce wayarsa ta daina kama rezo alhali ta maƙwabcinsa tana aiki, kuma da yake ɗaukewar rezo ba baƙon abu ba ne a ƙauyukan Urafan ko Kanambakashe, mutum yana iya kwana bai yi zargin komai ba.

Akwai wata matsala da ta fi waɗannan yawa, ko da yake ba a cika kiranta sata ba. Doka ta wajabta a yi wa kowane layi rajista da takardar shaida, amma mutane da yawa a karkara da katin ɗan'uwa, ko na yaron gida, ko na mai sayar da sim ɗin suka yi tasu rajistar. Muddin ana zaman lafiya babu wanda zai tuna, amma ranar da wayar ta ɓata, ko aka saɓa da mai katin, ko ya rasu, sai ɗan kasuwa ya tarar cewa a idon kamfani layin da jarinsa ke ciki ba nasa ba ne. Haka kuma kamfanoni sukan sake sayar da lambar da aka daɗe ba a yi amfani da ita ba, ta yadda wanda ya tafi ci-rani ya jima zai iya dawowa ya sami baƙo yana amsa kiran abokan cinikinsa.

Damfara da muryar da aka sani

Mafi yawan kuɗin da ƙananan 'yan kasuwa ke asara ta waya, su da kansu suke tura su, bayan an shirya musu labarin da ya yi kama da gaskiya. Masana suna kiran wannan dabara yaudara ta hanyar hulɗa, ma'ana a bar na'ura a kama mutum, ta tsoronsa ko kwaɗayinsa ko kunyarsa.

Misalin da ya fi yaɗuwa shi ne ƙwace WhatsApp. Idan mutum ya saka lambar wani a sabuwar waya, manhajar tana aika lambobi shida zuwa layin mai lambar, kuma duk wanda ya shigar da su ya zama mai asusun. Sai ɗan damfara ya kira ɗan kasuwa, ya yi sallama cikin ladabi, ya ambaci sunan zauren ƙungiyar 'yan hatsi ko na 'yan garinsu, ya ce za a yi taro ta waya da yamma, an turo masa lambar shiga, ya karanto ta don a sa sunansa. Da zarar ya karanto, asusun ya bar hannunsa. Abin da ke biyo baya shi ne saƙo zuwa ga mutanen da ke cikin zaurukansa, da sunan Alhaji mai asusun da hotonsa, cewa mota ta lalace a hanyar Kano, a taimaka da jika hamsin zuwa wata lamba kafin gobe. Masu turawa ba wawaye ba ne, mutane ne da suka saba yi wa Alhaji irin wannan alfarma, shi ma ya saba yi musu, kuma a al'adar kasuwa neman hujja daga babban mutum kafin a taimake shi abin kunya ne. A wannan kunya ɗan damfara yake cin abinci. Tun 2017 WhatsApp ya samar da kulle na biyu, wata lambar sirri da mai asusu yake zaɓa da kansa, wadda ke hana irin wannan ƙwace ko da an karanto lambobin shida, amma kaɗan ne suka san da ita. Yanzu kuma da aka samu manhajojin da ke kwaikwayon muryar mutum daga ɗan guntun saƙon da ya taɓa yi, jin murya kaɗai ya fara rage ƙarfi a matsayin shaida.

Saƙon kuɗi na bogi ya fi damun masu hulɗa da Najeriya. 'Yan wake da riɗi da dabbobi na Tasawa da Mayahi suna kai kaya Jibiya, Mai'aduwa da kasuwar Dawanau a Kano, kuma tun ƙarancin takardun naira da ya biyo bayan sauya fasalin kuɗin a farkon 2023, biya ta banki da na'urar POS ya zama ruwan dare a can. Mai saye yana iya nuna hoton rasit a fuskar wayarsa, ko ya sa saƙo ya shigo wayar mai kaya da suna irin na banki, alhali ko kwabo bai motsa ba. Hoton rasit ba kuɗi ba ne, saƙo ma ba kuɗi ba ne; abin da ke tabbatar da biya shi ne mai kaya ya buɗe asusunsa da kansa ya ga adadin ya ƙaru. Ɗan'uwan wannan salo shi ne na wanda zai kira yana roƙo, wai ya yi kuskuren tura kuɗin maganin mahaifiyarsa zuwa wannan layi, a mayar masa don Allah, bayan ya riga ya aiko da saƙon ƙarya mai nuna shigar kuɗin.

Da yake gundumomin Tasawa da Mayahi sun daɗe suna ganin ayyukan ƙungiyoyin agaji da rabon tallafin kuɗi, ana kuma yin damfara da sunan rajista: a kira shugaban ƙungiyar manoma a ce an zaɓi ƙauyensu don samun taki ko jari, a nemi kuɗin cike takarda da hotunan katin mambobi. A nan asara biyu ake yi, domin kuɗin rajistar sun tafi, hotunan katunan kuma sun zama kayan aikin buɗe layuka da asusun da za a damfari wasu da su.

Hannuwan da waya ke bi a yini guda

Littattafan tsaro da aka rubuta a Turai suna ɗauka cewa kowace waya mutum ɗaya ne ke riƙe da ita, kuma shi ke karanta abin da ke cikinta. A Nijar, inda manyan da suka iya karatun boko ba su kai rabin jama'a ba, kuma saƙonnin kamfanoni galibi da Faransanci suke zuwa, lamarin ba haka yake ba. Attajirin da ke juya miliyoyi yana iya dogara da yaron shago ya karanta masa saƙo, ya danna masa lambar sirri, ya faɗa masa abin da ya rage. Ga kuma bambancin lissafi, domin kasuwa da dala da jika take ƙirga, dala ɗaya tamma 5, jika ɗaya tamma 1,000, alhali waya da tamma take rubutawa, ta yadda sifiri ɗaya da ya ƙaru ko ya ragu zai iya wucewa ba a lura ba. Yawancin yaran shago masu gaskiya ne, amma tsarin da ya sa mutum ɗaya ne yake karantawa, yake turawa, kuma yake ba da rahoto, tsari ne da ke jarraba mai gaskiya, kuma ba ya barin hanyar wanke shi idan zargi ya taso.

Bayan yaron shago akwai mai cajin waya, wanda salula ke yini a teburinsa a garuruwan da babu wutar Nigelec. Akwai mai gyara, wanda ake ba shi waya tare da lambar buɗe ta. Akwai mai tura waƙoƙi da fina-finai, wanda ke jona katin memori na mutane da yawa a kwamfuta ɗaya, kuma ta haka ƙwayar cutar na'ura, wato ɓoyayyen shiri mai ɓarna ko leƙen asiri, take tsallakawa daga waya zuwa waya. Haka nan manhajojin da ake turawa hannu da hannu, musamman kwaikwayon WhatsApp da ake yabo saboda ƙarin abubuwan da ke cikinsu, ba su bi ta hannun kamfanin asali ba, kuma babu mai tabbatar da inda suke kai abin da suka gani.

Adalci shi ne a ce ba duk nauyin ke kan ɗan kasuwa ba. A watan Maris na 2025 Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, kuma kamfanin da ke cin riba daga kuɗin mutanen Korgom da Maijirgi ya kamata ya yi musu gargaɗi da tabbatar da biya cikin harshen da suke ji, da murya idan ta kama.

Manyan ɓarayi da ƙananan asusu

Akwai kuma masu kutse na gaske, waɗanda ke shiga na'urorin kamfanoni, kuma Nijar ba ta tsira daga gare su ba. A watan Nuwamba na 2022 kamfanin tsaron intanet na Group-IB, tare da masana na kamfanin Orange, ya fitar da rahoto a kan wani gungu mai magana da Faransanci da aka laƙaba wa suna OPERA1ER, wanda ya kai hare-hare sama da 30 a kan bankuna, cibiyoyin kuɗi da kamfanonin waya daga 2018 zuwa 2022, ya kwashe aƙalla dalar Amurka miliyan 11. Nijar tana cikin ƙasashen da rahoton ya lissafa, tare da Mali, Burkina Faso, Benin, Senegal da Najeriya. A watan Yuli na 2023 hukumar 'yan sandan duniya ta Interpol ta ba da sanarwar kama wani da ake zargin jigo ne a gungun a ƙasar Kodebuwa.

Yadda suka yi aikin ya fi adadin kuɗin muhimmanci ga mai karatu. Sukan fara da wasiƙar imel da aka yi wa kamannin takardar ofishin haraji ko tallar aiki, ma'aikaci ya buɗe abin da aka liƙa mata, ɓoyayyen shiri ya shiga kwamfutarsa. Daga nan sai su yi watanni suna kallon yadda ake aiki, kafin su tura kuɗi zuwa ɗaruruwan ƙananan asusu, a cire su a ƙarshen mako ko ranar hutu. Waɗannan ƙananan asusu na talakawa ne da aka ɗauka haya, kuma a nan ne labarin ya taɓo mai shagon tura kuɗi a Tasawa, domin wanda ya ba da aron layinsa ko asusunsa don a wuce da kuɗin da bai san asalinsu ba, saboda ɗan lada, sunansa ne zai fara bayyana idan bincike ya tashi.

Kantin magani, makarantar kuɗi, gidan mai da shagon buga takardu, waɗanda suka fara ajiye lissafinsu a kwamfuta, suna fuskantar wani haɗari da ake kira shirin neman fansa, wanda ke kulle duk abin da ke cikin na'ura har sai an biya. Wanda ya fi shahara, WannaCry, ya bazu a ƙasashe sama da 150 a watan Mayu na 2017, har ya tsayar da aiki a asibitocin Ingila, kuma ya shiga ne ta wata kafa a Windows wadda kamfanin Microsoft ya riga ya fitar da gyaranta watanni biyu kafin nan. Kwamfutar da ke aiki da tsohon Windows na kwafi, wadda ba ta karɓar gyara, tana nan da irin waɗannan kafofi a buɗe.

Bayanan mutane a hannun mai shago

Ɗan kasuwa yakan ɗauki kansa a matsayin wanda za a cuta, ba ya tuna cewa ta hannunsa ma ana iya cutar da wasu. Wakilin tura kuɗi yana da littafi mai ɗauke da suna, lamba, adadi da ranar da kowa ya karɓa. Mai shagon hoton takardu yana da kwafin katin ɗan ƙasa, takardar haihuwa da takardun fili na rabin unguwa, wasu a cikin kwamfuta, wasu a kwandon shara inda masu ƙosai da tsire ke samun takardar ƙunshi. Mai kantin magani ya san ciwon kowa. Ƙungiyoyin adashi irin na Mata Masu Dubara, tsarin da ƙungiyar CARE ta fara a jihar Maradi a 1991, da ƙungiyoyin manoma masu ajiye hatsi a sito su karɓi bashi a kansa, duk suna riƙe da jerin sunayen mambobi da abin da kowa ya mallaka, kuma yau da yawa daga wannan jeri hotonsa yana cikin wayar sakatare.

Fitar irin waɗannan bayanai ba ƙaramin abu ba ne a jihar da yankunanta na kan iyaka, kamar Madarunfa da Gidan Runji, suka sha fama da masu satar mutane don neman fansa. Sanin cewa wane ya karɓi miliyan biyu ranar Laraba labari ne da ke iya jefa rai cikin haɗari, kuma sau da yawa ba ta kutse yake fita ba, ta littafin da aka bari a buɗe a kan tebur yake fita, ko ta bakin wakili mai kiran adadi da ƙarfi a gaban layi, ko ta hoton rasit da aka tura zauren WhatsApp mai mutum ɗari biyu.

Doka ta shigo cikin wannan batu. Nijar ta kafa dokar kare bayanan mutane a watan Mayu na 2017, ta maye gurbinta da doka mai lamba 2022-59 ta ranar 16 ga Disamba 2022, kuma akwai hukuma ta musamman, HAPDP, da ke sa ido a kan aiwatar da ita. Ginshiƙan dokar ba su da wuyar fahimta: kada a karɓi bayanin mutum sai da saninsa da dalili bayyananne, kada a karɓi fiye da abin da aikin ke buƙata, kada a yi amfani da shi a wani abu dabam, a tsare shi, kada a riƙe shi har abada, kuma mai shi yana da haƙƙin ya gani ya nemi gyara. Bayanan lafiya da na zanen yatsa suna cikin waɗanda aka fi tsananta wa. A matakin nahiya akwai yarjejeniyar Malabo ta Tarayyar Afirka, wadda aka amince da ita a 2014 ta fara aiki a 2023, shekarar da Najeriya ma ta kafa tata dokar. Mai bin bashi da ke wallafa hoton katin wanda ya ƙi biya don ya kunyata shi ya kamata ya san cewa a 2021 hukumar NITDA ta Najeriya ta ci wani kamfanin ba da bashi ta waya tarar naira miliyan 10 saboda aika saƙonnin tozarci ga mutanen da ke cikin wayoyin masu cin bashinsa.

Ita kuwa dokar hukunta laifukan intanet mai lamba 2019-33 ta ranar 3 ga Yuli 2019, wadda aka yi wa gyara a 2022 da 2024, jama'a sun fi saninta ta shari'o'in 'yan jarida da masu rubutu a Facebook, har wasu suka ɗauka dokar magana ce kawai. Alhali ta haramta shiga na'urar wani ba izini da zamba ta hanyar na'ura, don haka ɗan kasuwar da aka damfara yana da abin da zai tsaya a kai a gaban jandarma ko 'yan sanda.

Ranar da rezo ya ɗauke

Ba sai an saci komai ba kasuwanci yake iya tsayawa. An rufe intanet ɗin wayoyi a Nijar na kimanin kwana goma bayan zaɓen Fabrairu 2021. A watan Agusta na 2023 Najeriya ta yanke wutar da take ba ƙasar, kuma yankin Maradi da Damagaram ta layin Katsina zuwa Gazawa yake samun tasa. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka tsinke a gaɓar Kodebuwa, ƙasashen Afirka ta Yamma da dama suka shiga matsala. Wanda lissafin bashinsa gaba ɗaya yake cikin saƙonnin murya na waya guda, faɗawar wayar a rijiya ma ta ishe shi asara. Tsohon littafin takarda, ko da ajami aka rubuta shi, bai gama aiki ba, kuma ya kamata ya zauna a wuri dabam da inda waya take kwana.

Abin da ke hannun mai shago

Mafi yawan matakan da ke rufe waɗannan kafofi ba sa cin ko dala. Layin kasuwanci ya kasance da sunan mai kasuwancin da katinsa, a sa wa sim lambar kulle, a kunna kulle na biyu a WhatsApp, kuma duk lambar da ta shigo ta saƙo kada a karanta wa kowa, ko da ya ce daga kamfani yake kira, domin ma'aikacin gaskiya ba ya tambayar lambar sirri. Wanda jarinsa ya yi kauri ya raba layin kuɗi da layin hira, ya bar na kuɗin a ƙaramar salula da ba ta zuwa teburin caji. Idan yaro ne ke karanta saƙo, wani dabam ya riƙa duba abin da ya rage a asusu kowace yamma. Mafi amfani duka shi ne 'yan kasuwar da ke hulɗa da juna su yi yarjejeniya tun ana zaune lafiya cewa duk saƙon neman kuɗi, ko daga wa ya fito, sai an kira tsohuwar lambar da aka sani an yi tambayar da baƙo ba zai iya amsawa ba, kuma babu wanda zai ɗauki wannan kira a matsayin raini. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa na Tasawa da Mayahi, da sarakunan kasuwa, su ne suka fi cancanta su sanar da wannan ƙa'ida a bainar jama'a, saboda ƙaramin ɗan kasuwa ba zai iya fara ta a kan babba shi kaɗai ba.

Duk da haka wata rana kuɗi za su fita ta inda ba a zata ba, kuma a irin wannan hali awowin farko ne suke raba wanda zai iya tsayar da kuɗinsa da wanda zai yi haƙuri, tun da kuɗin sata ba sa daɗewa a asusun da suka fara sauka. Babi na shida zai bi waɗannan awowi ɗaya bayan ɗaya: yadda ake sa kamfani ya rufe layi, irin shaidar da ya kamata a adana kafin a goge komai daga waya, da yadda ake shigar da ƙara a Tasawa, Mayahi ko Maradi.